Rariyar Gida Biyar

Jiya ruwa ya tsare ni a gidanmu na Kabara tun bayan azahar. Gaida Baba kawai na je yi in koma ofis, sai hadari ya haɗo daga gabas, kafin in zura takalmi an kece da ruwa. Na zauna a dakalin zaure ina sauraron indararo yana zuba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Da ya ɗan tsagaita na shiga cikin gida, idona kuwa bai sauka ko'ina ba sai kusurwar yamma, inda aka jera randuna da turmi a ƙarƙashin rumfar kwano. A nan ɗakin Goggo yake a da. An yi shekara goma sha biyar ko fiye, amma duk lokacin da marka ta sauka sai waccan daminar ta dawo mini, kuma har yau kunya nake ji idan na tuna ta.

Shekarar ce azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ina ajin ƙarshe a kwaleji, ina karatun da ake kira GIS, wato haɗa taswira a kwamfuta ta yadda kowane titi da rijiya da gida zai zama layi ko ɗigo mai ɗauke da bayaninsa. A gidanmu babu wanda ya gane abin da nake karantawa. Baba, wanda ɗinkin manyan riguna ne sana'arsa, in an tambaye shi sai ya ce, "Safiyo yake koyo." Shi ke nan sunan ya bi ni, duk lungunmu Safiyo ake kirana. Ina nuna ba na so, alhali a raina daɗi nake ji.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kirana da shi ba, ita ce Goggo, yayar Baba. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da ɗa a raye, sai ta dawo gida ta zauna a ɗakin mahaifiyarsu. Kakana magini ne, shi ya gina ɗakin da hannunsa, ginin ƙasa mai kauri da rufin ɗaurin guga, da sanyi ɗumi, da zafi kuma ka rantse a gindin randa kake. Sunan kakan nan aka sa mini, don haka Goggo ba ta iya faɗar sunana, Babana take ce mini. A ɗakin aka haife ta. Sau biyu Baba yana cewa a rushe a yi mata na bulo, sau biyu tana cewa a bari sai an fitar da gawarta.

Azumin damina ba ya ba da ƙishirwa, yunwa yake bayarwa. Gari a lulluɓe, iska mai sanyi, kafin azahar cikinka ya fara ƙugi. Tsohon gero ya kusa ƙarewa a kowane gida, sabo bai iso ba. Tumatir ya ɓace daga kasuwa, sai kauɗa da kuka ake ta juyawa. Itace a jiƙe, Inna, mahaifiyata, tana durƙushe a madafi tun la'asar tana hura wuta, hayaƙi ya sa idanunta sun kaɗa sun yi ja. Wanki ya yi kwana uku a igiya bai bushe ba. Goggo ce mai kunun tsamiyar da ake kaiwa masallacin lungu sadaka, ba ta taɓa fashi ba, sai dai a shekarar kunun kullum ƙara tsinkewa yake. Ta kan ɗaga ludayi ta dube shi ta ce, "Ai mai azumi ba kauri yake nema ba, ɗumi yake nema."

Aikin kammala karatuna shi ne taswirar magudanan ruwa na unguwarmu. Ni na zaɓa da kaina, don a ganina babu wanda ya fi ni sanin wurin. Kwaleji ta ara mini na'urar GPS, 'yar ƙarama kamar wayar hannu ta da. In ka tsaya a wuri ka danna, sai ta riƙe lambobin wurin. Kowace safiya zan naɗe ƙafar wando in shiga lunguna, in bi kwata daga inda ta faro har inda ta zube a kududdufi, ina tsayawa ina dannawa, taɓo har idon sawu. Da rana in tafi kwaleji in jira a tada janareta, mu yi layi a kan kwamfuta. Malaminmu mutum ne mai tsanani, kuma doka ɗaya yake maimaita mana.

"Abin da ba ka tsaya a kansa ka ɗauki lambarsa ba, kada in gan shi a taswirarka," in ji shi. "Ba tatsuniya muke yi a nan ba."

Ba zan ɗora masa laifi ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai a cikin birni ruwa ba a lungu kaɗai yake tafiya ba. Gidajenmu a manne suke, wani a bayan wani, akwai gidan da ba shi da inda zai fitar da ruwansa sai ta gidan maƙwabci. Tun zamanin kakanni aka yi wannan amanar, ba takarda, ba shaida. A jerinmu gida biyar ne ke kan rariya ɗaya. Ta faro daga gidan Malam Bukar, mai makarantar allo, wanda kakanninsa suka zo daga Barno, ta ratsa ƙarƙashin katanga zuwa gida na biyu, na uku, na huɗu, ta faɗo namu, ta bi gefen ɗakin Goggo, ta fita lungun baya ta wani tsohon wuyan tulu da kakana ya dasa a gindin bango.

Rariyar nan aikin mata ce. Kowace shekara kafin ruwan fari, Goggo za ta ɗauko doguwar gora ta tsaya a bakin katanga ta ɗaga murya, maganar ta bi gida gida har ta isa wajen Ya Fanna, matar Malam Bukar. Kowace ta zura gora ta yashe nata ɓangaren. Daga nan Ya Fanna ta zuba ruwa bokiti guda, a yi tsit ana jira, har sai Goggo ta ga ya iso ya fita, ta ce, "Ya wuce!" Sai ka ji guɗa da dariya ta kan katangu. Da muna yara, lokacin da babu gidan da ya fi ƙarfin shigarmu, mu kan saka kwalin ashana a rariyar gidan Malam Bukar, mu zagayo a guje mu tare shi a lungun baya. Na san rariyar nan kamar tafin hannuna.

Amma yanzu na girma, na yi gemu. Iyakata zaure, in yi sallama in tsaya. Gida huɗun nan duk ba a shiga. Tunda ba zan iya tsayawa a kan rariyar in danna ba, sai na bar ta. Na ce wa kaina ai ba kwata ba ce, harkar cikin gida ce.

Ranar da na buga taswirar a babbar takarda, na kawo ta gida na shimfiɗa a tabarma a ƙofar ɗakin Goggo. Shuɗin layuka sun bi lunguna gwanin sha'awa. Baba ya gyara tabarau ya yi ta sa albarka. Goggo ta matso, ta sa na nuna mata masallaci, da kududdufi, da gidanmu. Ta daɗe tana bin takardar da yatsa.

"Babana, ina ruwan gidan Malam Bukar?"

"Goggo, wannan ai rariyar cikin gida ce. Manyan kwatoci ake sawa."

"To shi ruwan ya san da haka?"

Na yi dariya, Baba ma ya yi. Ita ba ta yi ba. Ta koma kan tsamiyar da take jiƙawa, ta ce, "Allah ya ba da sa'a."

Wajen tsakiyar azumi ruwa ya ɗauke na kwana biyar. Dattawan lungu suka ce a yi amfani da wannan sarari a yi gayya, don taɓo ya hana tsofaffi zuwa masallaci, har liman ya zame ya gurɗe ƙafa. Aka samo jar ƙasa da fasassun bulo. Alhaji Inuwa, wanda ke jagorantar gayyar unguwa, ya aiko a kira ni in zo da takardata.

"Safiyo, kai ne mai ilimin abin," ya ce a gaban mutane. "Ina za mu cike, ina za mu bari?"

Na shimfiɗa taswira a kan benci, dattawan da suka goya ni suka zagaye ni suna saurare. Na nuna musu cewa duk ruwan unguwa babbar kwata yake bi zuwa kududdufi. Lungun baya kuwa, a takardata, babu layi ko ɗaya a cikinsa. Aka ce to a cike shi a ɗaga, ya zama hanyar masallaci.

Ranar Asabar muka fito tun da hantsi, manya da matasa, kowa da bakin azumi. Wasu na haƙa, wasu na ɗauka a kwanon sarki, wasu na daɓe da guntun icce. Ba mai yawan magana, don yawu ma tattalinsa ake. Ni ma na ɗauki ƙasa har wuyana ya sage. Da aikin ya iso bayan ɗakin Goggo, na ga wuyan tulun nan a gindin bango, ciyawa ta ɗan rufe shi. Da idona na gan shi. Na tsaya da kwano a ka, kwalin ashana ya faɗo mini a rai. Mazan da ke wurin ba su san abin da yake ɗauka ba, sun zaci ruwan wanke-wanken tsohuwa ne. Matan da suka sani suna cikin gida, ba su san abin da ake yi a waje ba. Duk unguwar nan ni kaɗai na san ciki na san waje. Da na ce a dakata, da an sa guntun bututu an wuce, aikin da bai kai a sha kunu ba. Amma faɗar haka yana nufin in ce takardata ba ta cika ba, a gaban mutanen da tun safe suke cewa Safiyo ya ce, Safiyo ya ce. Na ce a raina ruwa zai nemi hanyarsa. Na juye kwanon na koma ɗebo wani.

A goman ƙarshe marka ta sauka. Ba ruwa mai tsawa da iska ba, irin mai zuba a hankali ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sama ta yi fari fat kamar ba za a sake ganin rana ba. Ranar farko da la'asar ruwa ya kwanta a kusurwar yamma har ya shafe dutsen wanki. Inna ta ce yawan ruwa ne. Goggo ta fito da buhu a ka, ta ɗauko gorarta ta zura a rariya. Gorar ta shiga kamu uku ta tsaya. Ta sake turawa, ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ina tsaye a ƙofar madafi. Ni ma ban ce ba. Muka kama kwasa da bokiti muna kaiwa ƙofar gida har aka kira magariba, ina kwasa ina addu'a ruwan ya ɗauke kafin asirina ya tonu.

Bai ɗauke ba. Da gari ya waye ruwan gida biyar ya taru a gindin ɗakin Goggo, ya kai ƙauri, jemammen bangon ya yi duhu har tsayin gwiwa. A nan ne na ɗauki diga na zagaya lungun baya. Baba ya biyo ni yana tambayar abin da nake haƙa, na ce masa bakin rariya ne aka binne. Ya tsaya cikin ruwa ya dube ni, sannan ya koma ya ɗauko shebur. Maƙwabta suka fito. Ciken da muka daɓe da ƙarfinmu ya kama kamar dutse, fasassun bulo sun cije, ga yunwa, ga sanyi, hannuna ya yi kanta ya fashe. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muka yi ta yi. Sai bayan azahar digar ta daki wuyan tulun, ruwa ya yi tsalle ya fito, ja wur, da ƙarfin da ya kusa kayar da ni. Mutane suka yi kabbara. Wani tsohon magini da ke cikinmu bai yi ba. Ya dafa bangon ɗakin Goggo, ya tura babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ce wa Baba, "Malam, a fitar da kayan baiwar Allahn nan yau."

Muka fitar da gadonta na ƙarfe, da akwatin katako, da kwanukan jerenta, da buzun sallar mahaifinta. Ita ta ƙi fita. Ta zauna a kan tabarma a tsakiyar ɗakin da babu komai, ta ce bangon da ya ga damina saba'in ba wannan ce za ta kayar da shi ba. Baba ya yi lallashi, Inna ta yi kuka. Da ƙyar ta yarda ta koma ɗakin Inna, bisa sharaɗin kwana ɗaya.

Washegari, tsakanin azahar da la'asar, ina tsakar gida ina tsane tabarmi, na ji wani ƙara kamar an karya rake. Azara ce. Ɗakin bai faɗi da rugugi ba, zama ya yi. Bangon baya ya sulale, rufin ya biyo shi a hankali, sai ga sama a inda ban taɓa ganin sama ba. Inna ta yi salati. Goggo ta fito ƙofa da carbi a hannu, ta kalli tarin ƙasar ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Daga nan ta juya ta tambayi Inna ko an jiƙa tsamiya. Ranar ma an kai kunu masallaci.

Babu wanda ya zarge ni. 'Yan jaje suka yi ta shigowa suna cewa tsohon gini ne, kwanansa ne ya ƙare, Allah ya tsare rai. Alhaji Inuwa ya ce laifin gayya ne da ba a duba ba. Baba bai ƙara tayar da maganar ba, kuma bai ƙara kirana Safiyo ba. Da duka aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Aka yi Sallah, na sa sabuwar riga, tuwon bai wuce mini ba.

Kwana uku bayan Sallah na same ta ita kaɗai a ɗakin Inna, a takure a gefen gado kamar baƙuwa. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da kwanon ƙasar da na juye da hannuna. Ina magana hawaye na zuba.

"Na sani, Babana," ta ce. "Tun da gora ta tsaya na san cike aka yi. Na kuma san wanda aka tambaya."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Goggo?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Ka daɗe, amma ka zo." Ta ja carbi biyu uku. "Ka kai wa malamanku takardar?"

Na ce saura mako biyu.

"To ba za ka kai ƙarya ba. Ɗauko abin nan naka mai dannawa. Kai ba ka shiga, ni ina shiga."

Na koya mata a tsakar gida. Ki tsaya a kan bakin rariya, ki ɗaga ta sama, ki ƙirga ashirin, ki danna wannan. Ta maimaita sau uku tana tsaki, ta ce ko dutsen guga ya fi wannan abu nauyin arziki. Washegari da safe ta yafa mayafi, ta riƙe na'urar da hannu biyu, muka fita. A kowane gida ni in tsaya a zaure, ita ta yi sallama ta shige. Ina jiyo muryoyin mata suna yi mata jaje, can kuma in ji an yi shiru, na san ƙirgawa take. A gidan Malam Bukar na ji Ya Fanna tana cewa, "Yau kuma Goggo ce safiyo?" aka yi dariya, har da ita. Muka gama kafin azahar, tana ɗingishi.

Na zana layin da shuɗi mai kauri, ya ratsa gida biyar. Malaminmu ya tambayi yadda aka yi na sami lambobin cikin gidajen mutane, na faɗa masa gaskiya. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce in rubuta sunan wadda ta ɗauka a ƙasan taswirar. Na rubuta.

Baba ya gina mata ɗakin bulo a kusurwar gabas bayan kaka. Ta zauna a ciki ba ƙorafi, sai dai ta kan ce ɗakin ba ya numfashi. Ba ta ga wata daminar ba, ta rasu da bazara. Yanzu rabin gidajen jerinmu sun zama bulo, kowa ya fasa bango ya fitar da bututunsa lungu, ba a ƙara kiran juna ta kan katanga. Ni kuma wannan aikin nake ci da shi har yau, da na'urorin da suka fi waccan nesa ba kusa ba. Abokan aikina sun san halina, duk unguwar da muka shiga cikin birni ba na rufe aiki sai an sami mace ta shiga gidaje ta tambayi tsofaffi inda ruwa yake bi.

Akwai abin da ban sa a takardar da na kai kwaleji ba. Ranar da muka zagaya gidajen, da na zauna na duba na'urar, na ƙirga ɗigo goma na mashiga da mafitar rariya, daidai yadda na zata. Sai na ga na goma sha ɗaya, a cikin gidanmu, ba a kan rariya ba. Na zaci hannunta ne ya kuskure. Na je na tambaye ta.

"Ba kuskure ba ne," ta ce. "Da ka shiga alwala na hau kan ƙasar na danna. Nan gadona yake. Ka ce abin da ba a danna ba babu shi. To ka ajiye, kada wata rana a ce ba a taɓa yin ɗaki a wurin ba."

Na sauya kwamfuta sau biyar tun daga lokacin, kowace da ɗigon nake fara buɗe ta. Jiya da ruwa ya tsagaita na je na tsaya a kansa, tsakanin turmi da randa ta biyu, har Baba ya leƙo ya ce in shigo kada sanyi ya kama ni.